Daga faifan garmaho zuwa kwamfuta: a ina ya kamata ma'aunin sauti ya tsaya?

Duk wanda ya yi zamanin kaset a Maradi ya san dokar da muka taso da ita: in kana kwafar waƙa, ka murɗa har allurar ma'auni ta riƙa leƙa ja tana dawowa. Haka aka koya mana a shagunan kwafar kaset, kuma dokar tana da hujjarta. Zaren kaset yana da nasa "shuuu" wanda sai waƙa ta yi ƙarfi take rufe shi, in kuma ƙarfin ya ɗan wuce kima zaren yakan shanye, murya ta yi kauri kawai. Yanzu da mutane ke zaƙulo fayafayan iyayensu daga ƙasan adaka suna son a zuba musu a kwamfuta ko katin memori, wannan tsohuwar doka ita ce kan gaba wajen ɓata aiki.

Bambancin kamar na buhu ne da tiya. Buhu in ka danna yakan ƙara ɗauka. Tiya kuwa bakinta shi ne iyakarta, kuma a kwamfuta ba a yarda da tozo ba, duk abin da ya haura baki shafe shi ake yi ya zube. Ma'aunin kwamfuta yana ƙarewa a sifili, wato 0 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti), sauran lambobin duka ƙasa da shi suke: -3, -6, -12, -18, har ƙasa. Sautin da ya nemi wuce sifili aske masa kai ake yi. In ka buɗe hoton sautin ka zuƙo shi kusa, sai ka ga tsinin da ya kamata ya yi kaifi ya koma a miƙe kamar rufin soro, kunne kuma ya ji wani "ƙarrr" irin na lasifikar da ta yage. Abin da aka aske bai shiga fayil ba tun farko, don haka rage ƙara daga baya ba ya dawo da shi.

Ban san nauyin wannan magana ba sai da wani dattijo maƙwabcinmu a Bagalam ya kawo mini ƙananan fayafayai shida, masu gudun 45, wato juyi 45 a minti, a naɗe cikin tsohon rawani. Ya ce a Kano ya saye su tun yana saurayi, lokacin da yake bin motar fatauci ta Ɗan Isa da Jibiya. Na kunna na farko, na saita ƙarfi da baitin buɗewa inda mawaƙi ke magana a hankali, na kai ma'auni kusa da baki kamar yadda hannuna ya saba, na tafi harkokina. Da aka gama na ɗan saurara a waya, na ji ƙara ta fito sosai, na miƙa masa kati da fayafayansa. Bayan wata biyu, tsakiyar bazara, ya dawo riƙe da ƴar rediyonsa.

"Ɗana, mi ya samu kalangun nan? Wanga kiɗi ba haka na san shi ba."

Na sa abin ji a kunne. Duk inda makaɗa suka saki hannu tare, sautin tsagewa yake yi. Na ce, "Baba, kuskuren daga wajena ne. A kawo fayafayan in sake." Sai ya yi shiru, sannan ya ce jikansa ya ɗora su a kan katanga ƙarƙashin kwano, zafi ya lanƙwasa huɗu sun zama kamar ganyen kabeji. Waɗannan huɗun, abin da ya rage daga gare su a duniya, a iya sanina, shi ne wannan tsagaggen kwafi da na yi. Tun daga ranar nake zama in gwada hanyoyin saita ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kuma ga yadda na same su.

Hanya ta farko ita ce cika ma'auni, a bar ƙololuwar waƙa tana kai -1 ko -2. Masu yin haka suna cewa ta nan ne ake cin moriyar na'ura gaba ɗaya, kuma fayil yakan fito da ƙara ba sai an sake taɓa shi ba. Na biyun gaskiya ne, kuma ga mai shago da mutane ke jira a benci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce ba ka san inda ƙololuwar take ba sai faifai ya ƙare. Kiɗanmu ba ya tafiya a miƙe. Goge ko gurmi zai taho a hankali, mawaƙi ya yi jan baki, sai ƴan amshi su ɗauka, kalangu ko kotso ya faɗo, ma'auni ya yi tsalle a ƙiftawar ido. Bugun ganga gajere ne ƙwarai, sau da yawa ido bai ma kama shi a ma'auni ba ya riga ya bugi rufi. Ga kuma ƙananan fayafayai masu gudun 45, waɗanda galibi an yanka su da ƙarfi fiye da manyan masu gudun 33, har saitin da ya zauna lafiya a babban faifai sai ya tsage a ƙarami. In ya tsage, dole allura ta sake bin layin, tsohon faifai kuwa kowane kunnawa yana cin wani abu a jikinsa. Ribar da ake samu kaɗan ce, asarar kuwa ba ta da gyara. Ni na bar ta.

Hanya ta biyu ita ce barin sarari: a saita yadda wurin da ya fi ƙarfi a faifai zai tsaya tsakanin -12 da -6, a ɗaga ƙara daga baya a cikin manhaja. Masu Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti, da kansu wajen -6 suke ba da shawara. Abin da ke hana mutane bin wannan hanya tsoro ne, don hoton sautin yakan fito siriri, sai a ga kamar an yi asarar wani abu. A nan lissafi ne zai raba gardama. Na'ura tana rubuta sauti ne da lambobi, tsawon lambar kuma da bit ake ƙirga shi. Kowane bit ɗaya yana ba da kimanin dB 6 na tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da ƙarar na'urar kanta. Ɗauka a bit 16, irin na CD, yana da kimanin 96. Na bit 24 a takarda 144 ne, ko da yake babu na'urar da ke kai nan a aikace. Faifan garmaho kuwa, ko sabo ne fil daga kwalinsa, tazarar da ke tsakanin ƙarfinsa da "shuuu" na jikinsa ba ta cika wuce 60 zuwa 70 ba, balle wanda ya sha ƙurar shekara hamsin. To ka ga ko a bit 16 ka tsaya a -12, bit biyu ka bari, saura kimanin 84, har yanzu ƙarar faifan ta fi ta na'urar nesa ba kusa ba. A bit 24 kuwa ko -18 ka tsaya babu abin da kunne zai rasa. Sirantakar hoton ganin ido ne kawai.

Sai dai sarari ma yana da iyaka. Na ga wanda tsoron tsagewa ya sa ya sauka har -30 da ƙaramin akwati mai araha, irin wanda ke shigar da sauti cikin kwamfuta, da ya zo ɗagawa sai ya ɗago da gurnanin kuran, wato wutar lantarki, da tsiwar cajar kwamfuta tare da waƙar. Ɗaga ƙara ba ya zaɓe, komai yake ɗagawa. Don haka in akwatinka na bit 16 ne, ka nufi -6, in ya tsaya a -8 ko -9 ka ƙyale shi. In na bit 24 ne, ka nufi -12 hankalinka kwance.

Hanya ta uku ita ce a bar wa na'ura ta saita da kanta. Ƙananan rikoda da ramin makirfo na kwamfutoci da yawa suna da wannan, wasu ma a kunne suke zuwa. An yi shi ne don hira da taro, inda wani ke kusa wani ke nesa. A faifai ɓarna yake yi. Da waƙa ta yi sanyi sai ya ɗaga, ka ji ƙarar allura ta taso kamar ruwan sama a kan kwano. Da ganga ta buga sai ya danne, murya ta nutse ta sake fitowa. Tsakanin waƙa da waƙa, inda ya kamata a ji shiru, nan ne ƙara ta fi yawa. Ɗan'uwansa, mai tare ƙololuwa kaɗai ba tare da ɗaga ƙasa ba, ya fi shi dama, amma shi ma in yana aiki to yana sauya bugun da makaɗi ya yi da hannunsa. Duka biyun a kashe su kafin allura ta sauka.

Ta huɗu sabuwa ce: rikoda masu ɗauka a tsarin da ake rubutawa 32-bit float, irin Zoom F3 da H1essential. Su fayil ɗinsu ba shi da rufin da za a buga, in sauti ya haura sifili sai ka sauke shi daga baya ya dawo cikakke. Abu ne mai kyau, kuma ga wanda zai bi ƙauyuka yana ɗaukar fayafayan mutane sau ɗaya tak, ya cancanci kuɗinsa. Amma abubuwa biyu ake rikitawa. Na ɗaya, ba ya ceton sautin da ya riga ya tsage a amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kafin ya iso, kuma ita kanta ƙofar rikodar tana da iyakar ƙarfin da take ɗauka. Na biyu, ganin an rubuta 32-bit float a gefen Audacity ba ya nufin akwatinka haka yake ɗauka. Wannan tsarin da manhajar ke aiki da shi ne a cikinta. In akwatin bit 16 ne, rufinsa na nan daram. Wanda ke zaune a shago yana da lokacin gwaji, na'urar bit 24 mai maɓallin murɗawa ta ishe shi.

Maɓallin nan shi ne inda na fi son a tsaya a duba, don a nan ne mutum kan bi shawarar -6 sau da ƙafa kuma aikinsa ya tsage. Sauti yana fita daga allura, ya bi ta ƙaramin amfilin da aka rubuta wa PHONO, ya shiga guntun da ke mayar da shi lambobi, sannan ya isa manhaja. Rage ƙarfi yana da amfani ne kawai in an yi shi kafin wannan guntu. In sauti ya tsage a can, ka zo ka ja maɓallin cikin kwamfuta ƙasa, ma'auni zai nuna maka -6 tsaf, amma kawunan a aske suke, ƙanana ne kawai. Shi ya sa ba na yarda da ma'auni shi kaɗai. Ina ɗaukar minti ɗaya, in zuƙo hoton inda ganga ta buga, in duba ko kawunan sun jeru a miƙe a tsayi ɗaya. In sun jeru, ko a -10 ne, an yi aski a baya.

Da wannan ake auna kayan aiki. Ramin makirfo na kwamfutar hannu shi ne mafi muni: an yi shi don raunannen sauti, sau da yawa ɓangare ɗaya yake ɗauka, abin da ya fito daga amfili kuwa ya fi ƙarfinsa nesa. Garmaho mai USB a jikinsa, irin Audio-Technica AT-LP120XUSB, da ƙaramin akwati irin Behringer UFO202, duka bit 16 suke ɗauka kuma ba su da maɓallin rage abin da ke shiga. Ga yawancin manyan fayafayai suna yin daidai, sauƙinsu kuma ba a magana. Windows yakan ɗauke su a matsayin makirfo, don haka a shiga saitin sauti a zaɓi tashoshi biyu, a danna dama a kan majanyin ƙarfi ya nuna dB, a ajiye shi a sifili don kada Windows ya ƙara nasa. In duk da haka wani faifai mai zafi ya tsage, babu abin da kwamfuta za ta yi maka. Sai dai a rage a hanya: a fito da sautin ta amfilin gida, a sa ɗan maɓallin murɗawa tsakaninsa da akwatin, abin da duk mai gyaran rediyo zai haɗa maka a zama ɗaya. Akwati irin Focusrite Scarlett 2i2 yana ɗaukar bit 24, yana da maɓalli ga kowane ɓangare da fitila mai nuna kore da ja, amma ba shi da PHONO, sai ka haɗa shi da naka. Wannan haɗin shi ne na fi natsuwa da shi in akwai kuran.

In akwai kuran, na ce. Gefe ɗaya na babban faifai yakan kai minti ashirin, kuma duk ɗan Maradi ya san ana iya ɗauke wuta a minti na goma sha takwas. Ƙaramar rikoda mai batir, irin Tascam DR-05X, tana ɗaukar bit 24 kai tsaye cikin kati, ba ruwanta da caja balle tsiwarta. Garmahon dai yana buƙatar wuta, amma aƙalla abin da aka ɗauka ba ya salwanta. A kula da gurup kuma, wato janareta: garmahon da injinsa ke bin bugun kuran, in gurup na hawa da sauka, gudun faifai ma haka zai yi, murya ta riƙa lilo. Wanda aka yi don wutar Amurka mai bugu 60, in irin wannan injin gare shi, a namu mai 50 jan ƙafa zai yi.

Akwai ɓacin sauti da ba na ma'auni ba ne, kuma murɗa maɓalli ba ya maganinsa. Allurar da aka fi samu, mai maganaɗisu, abin da take fitarwa wajen milibolt 5 ne, amfilin PHONO ya ninka shi kusan sau ɗari, ya kuma warware ƙa'idar RIAA wadda kamfanonin faifai na Amurka suka daidaita a kanta a 1954: wajen yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, wajen kunnawa a juya. In sautinka ya fito siriri, ba kauri, ga rauni, to bai bi ta PHONO ba. In ya fito a kumbure yana ruri ko ka rage, to ya bi ta biyu, wato garmahon yana da nasa a ciki an kuma sake sa shi a ramin PHONO na amfili. Gurnani mai "huuum" kuwa siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaura ba. Tsagewar da ke zuwa a waƙoƙin ƙarshe kusa da tsakiyar faifai, ga ma'auni ƙasa, ga kawuna ba a aske ba, wannan allura ce ta cinye ko layin faifan ne ya gaji.

Sai maganar ƙas-ƙas. Karce ɗaya mai zurfi yakan yi tsalle ya wuce waƙar gaba ɗaya, to da wanne za a saita, da waƙa ko da karce? Wasu suna cewa a bar shi ya bugi rufi tunda dama cire shi za a yi. Wasu suna cewa a sauka har shi ma ya samu wuri, don manhajar gogewa ta fi gane karcen da ya shigo da siffarsa. A bit 24 ina bin na biyu, don sararin kyauta ne. A bit 16 ba na sadaukar da waƙar minti huɗu saboda "tas" guda biyu, da waƙa nake saitawa. Amma kafin duk wannan gardama, a wanke faifan. Rabin abin da muke kira karce ƙura ce, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa faifai ya riƙa jawo ƙura kamar mayen ƙarfe. Ruwa mai tsabta marar gishiri, tsumma mai laushi, a bi da'ira yadda layin ya bi, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa a tsaye.

Gano wurin da ya fi ƙarfi ba ya buƙatar sauraron faifai duka. Ka karkata shi ga hasken taga. Inda kiɗa ya yi zafi layin yakan yi kaushi yana walƙiya, inda ya yi sanyi yakan yi sumul da duhu. Ka sauke allura a wurin mai kaushi, ka saita, ka ƙara rage ɗan kaɗan, sannan ka koma farko. Da an fara ɗauka hannu ya bar maɓalli har gefen ya ƙare. Kuma saitin ɓangaren hagu da na dama su zama ɗaya.

Game da girman fayil, wanda shi ma yana sa mutane zaɓar bit 16: minti ɗaya a 44.1 kHz, wato awon sauti sau dubu 44.1 a daƙiƙa, da bit 16 wajen megabait 10 ne, a 48 kHz da bit 24 wajen 17, a 96 kHz da bit 24 kusan 35. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta sa 48 da bit 24 a matsayin mafi ƙaranci ga abin da ake son adanawa, ta kuma fi son 96. Gefen faifai na minti ashirin a 48 bai kai megabait 350 ba. Ga faifan da wataƙila babu na biyunsa a Katsina ko Damagaram, wannan ba tsada ba ce.

Ɗanyen fayil ɗin a ajiye shi a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, yadda ya shigo, da sirantakarsa, a wuri biyu. A kan kwafi ake aiki: a goge ƙas-ƙas tukuna, sannan a ɗaga da Normalize, ko Normaliser in kwamfutarka da Faransanci take, zuwa -1, don juyawa zuwa MP3 yakan ɗan ƙara wa ƙololuwa tsayi. Hagu da dama a ɗaga su tare. Babban faifai kuma a ɗaga gefen gaba ɗaya kafin a yayyanka shi, domin waƙar da aka yi ta a sanyaye ta zauna a sanyinta kusa da mai zafi. In za a tura asalin ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, wato Document.

Fayafayai biyun da suka tsira na dattijon nan, na wanke su na sake ɗauka a bit 24, kalangu ya tsaya a -11. Da na kunna masa kafin in ɗaga, ya ce, "Ɗana, ƙara mini kaɗan." Na murɗa lasifika kawai, ban taɓa fayil ba. Ya sunkuyar da kai yana buga gwiwa da yatsu biyu har gefen ya ƙare, sannan ya ce in zuba masa a katin rediyo, fayafayan kuma su zauna a wajena cikin ɗakin ƙasa, a tsaye, nesa da kwano.